Inna Ta Kafe Ba A Yi Wa Mai Ƙarambau Allura

Assalamu alaikum Malama Binta,

Don girman Allah ki taimaka min da shawara, kuma in da hali ki ɗora wasiƙata a saman sauran, don abin da ya sa na rubuto ba mai jira ba ne. Ƙanena yana kwance a asibiti ana sa masa magani ta jijiya saboda ƙarambau, mahaifiyarmu kuma ta kafe sai an cire masa an dawo mata da shi gida. Na rubuta lambar wayata a ƙasan takardar, ke kaɗai na ba wa, kar a buga ta. Sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne, domin a unguwarmu in ka yi atishawa a soro sai an yi maka sannu daga gida na uku.

Ni malamar firamare ce, na haura arba'in. Tun da maigidana ya rasu na dawo gidanmu na gado a Koki. Babban gida ne mai sassa da yawa, 'ya'ya da jikoki duk muna ciki. A gidan an san ni da bushewar zuciya. Ba na kuka a wurin makoki, ba na guɗa a wurin biki, in aka tambaye ni abu sai in faɗe shi yadda yake. Na gaya miki wannan ne don kar ki ga na rubuta labarin kamar mai cike rajistar aji ki ɗauka abin bai dame ni ba. Haka nake magana.

Ƙanen nawa, bari in kira shi Abdulbaqi, ɗinkin hannu yake yi na manyan riguna, yana da rumfa a bakin kasuwar Kurmi. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ƙafafunsa suka fara kumbura, aka yi ta magani, ƙarshe aka ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki. Ya daɗe ana yi masa wankin ƙoda, sannan aka yi masa dashe. Ni na ba shi ƙodar. Ba wata bajinta ba ce, an gwada mu ne 'yan ɗakinmu, nawa jinin ya dace da nasa. Tun daga nan yake shan ƙwayoyi safe da yamma, waɗanda likita ya ce suna kwantar da garkuwar jikinsa don kada jikin ya ƙi baƙuwar ƙodar. An ja masa kunne ya guji mai tari, mai ƙyanda, mai ƙarambau. Kafin aikin likitan ya tambaya ko ya taɓa yin ƙarambau yana yaro. Inna tana wurin, ta amsa tun kafin shi ya buɗe baki, ta ce 'ya'yanta duk sun yi, a ɗakinta, a lokaci guda. Likita ya rubuta, aka wuce wurin.

Dole in yi miki bayanin abin da take nufi da a lokaci guda. Inna tana da wata al'ada da ta gada wurin uwar mijinta. In ƙarambau ya fito wa yaro ɗaya a gidan, ba ta ware shi. Sai ta sa a tattaro mata duk yaran da ba su taɓa yi ba, ta shimfiɗa musu tabarma ɗaya a ɗakinta, su sha kunu a kwano ɗaya, wai gara baƙon ya zaga ya gama ya tafi, da a yi ta jinya ɗaya bayan ɗaya har shekara ta raba. Ba ta ma kiran sunan ciwon, baƙo take cewa. Tana dafa ganyen darbejiya ta yi musu wanka, ta ba su ruwan tsamiya, ta yanke musu farce, ta hana su fita rana. Kuma in za a faɗi gaskiya ta iya. Mata daga Dala da Shahuci suna zuwa tambayarta. Ni ma a kan tabarmar na yi nawa, tabo ɗaya ya bar min a goshi, shi ke nan.

Doka ɗaya take da ita wadda ba a taɓawa: ba a yi wa mai ƙuraje allura. Tana cewa ƙurji so yake ya fito, allura kuwa mayar da shi ciki take, in ya koma ciki sai ya kama ƙirji. Tana da dalilinta. Ƙanwarmu Jummai ta yi ƙyanda tana ƙarama, Baba ya ɗauke ta a ɓoye ya kai ta wurin wani mai allura a bayan kasuwa, ba a daɗe ba ta rasu. Inna ba ta taɓa ɗaga wa Baba murya a kan maganar ba har ya koma ga Allah, amma daga ranar ko zazzaɓi ne ya zo da ƙurji ɗaya, ba mai kusantar yaro da allura a gidanmu.

Bayan Babbar Sallah 'yar autar Abdulbaqi ta kwaso ƙarambau a Islamiyya. Inna ta shimfiɗa tabarma kamar yadda ta saba. Shi kuma Abdulbaqi bai taɓa fita kasuwa bai shiga ya gaishe ta ba. Can yake shan kokonsa, yarinyar ta haye cinyarsa tana nuna masa ƙurajenta, yana hura mata. Na yi magana sau ɗaya, na tuna musu gargaɗin likita. Inna ta ce ai ya riga ya yi, baƙo ba ya sauka sau biyu a jiki ɗaya. Na ɗauki jakata na tafi makaranta.

Yaran suka warke, suka koma wasansu. Bayan kamar mako biyu sai ya fara kukan ciwon baya da ciwon ciki mai tsanani, muka ce zaman ɗinki ne. Sai zazzaɓi, sai ƙuraje. Malama, na ga ƙarambau a jikin yara ba adadi, a gida da makaranta, ban taɓa ganin irin wannan ba. Babu wurin ɗora yatsa. Cikin baki, fatar ido, tsakar kai, har tafin hannu. Wasu ba ruwa ne a cikinsu ba, jini ne, sun yi baƙi. Inna ta ce alhamdu lillahi, fitowa yake yi da kyau. Da ya fara tari, yana magana yana tsayawa ya nemi numfashi, matarsa Firdausi ta zo ɗakina ta tsaya a bakin ƙofa. Ranar Inna ta tafi suna Shahuci. Na fita na tsayar da a daidaita sahu a bakin lungu, muka kama shi ni da Firdausi muka kai shi asibitin da ke duba masa ƙodar. Shi ya sa yanzu Inna take cewa sace mata ɗa na yi, kuma ban musa ba, domin da tana gida da ba mu fita ba.

A asibitin ba su ɓata lokaci ba. Suka ware masa ɗaki shi kaɗai, suka ɗebi jini, suka yi hoton ƙirji, suka ɗaura masa ruwa, suna sa wani magani a ciki sau uku a rana, yana ɗiga a hankali. Sun sa masa iskar taimakon numfashi a hanci. Sun rage masa wasu daga cikin ƙwayoyinsa na dashe, sun bar wasu. Likitan ya ce ciwon ya taɓa huhu da hanta, kuma sai an yi aƙalla mako guda ana wannan ɗigon kafin a yi maganar komai.

Washegari Inna ta zo. Ta tarar sababbin ƙuraje sun ƙara fitowa, tarin ma ya ƙaru. Ta dubi robar da ke hannunsa, ta dube ni, ta fita ta zauna a baranda. Tun daga ranar, allurar ba ta da hanyar tsira a bakin Inna. In ƙuraje sun ƙaru, allura ce ta fusata su. In wasu sun fara bushewa, allura ce ta kora su ciki. Ta daina cin abincin da na dafa. Ta ce min don na ba shi ƙoda ba ni na haife shi ba, kuma wannan gaskiya ne. Kullum tana aiko da jiƙo a filas a ba shi, Firdausi tana karɓa hannu bibbiyu ta tura ƙarƙashin gado, yanzu har filas ɗin maƙwabta sun taru a can, ba ta san yadda za ta mayar da su a cike ba.

Inna ta tura ƙanenta Kawu Isyaku ya je ya karɓo takardar sallama, likita ya ce masa babu mai sa hannu a fitar da baligi mai hankalinsa sai shi da kansa. To nan matsalar take. Abdulbaqi bai taɓa ce wa Inna a'a ba tun da aka haife shi. In na tambaye shi sai ya lumshe ido ya ce duk yadda Inna ta ce. Jiya ta kira ni ɗakinta ta ce ta ba ni zuwa Juma'a, in bai kwana a gida ba, kar in bari bakinta ya furta abin da ba a janyewa. Kin san abin da take nufi.

Akwai kuma wani abu da na riƙe ban faɗa wa kowa ba. Gwaggonmu Asibi, ƙanwar Baba, ta zo dubiya daga Gaya. Ita ce ta ɗauki Abdulbaqi yaye, da yake Allah bai ba ta haihuwa ba sai aka bar mata shi riƙo har ya isa shiga makaranta. Na raka ta bakin titi, a nan take ce min ita fa tana mamaki da ake cewa ya taɓa yi, domin a hannunta ko ƙurajen zufa bai yi ba, kuma shekarar da aka yi ƙarambau a gidanmu yana can wurinta. Na tsaya na tuno tabarmar. Na ga kaina, na ga sauran, babu shi. Inna 'ya'yan da ta haifa ta ƙirga, ba waɗanda suka kwanta a ɗakin ba. Ke nan amsar da ta ba likita kuskure ce, haka ma abin da ta ce min ranar da na yi magana. Ina sane da cewa in na faɗa mata wannan a gaban Kawu, maganar sallama za ta iya mutuwa a take. Ina kuma sane da abin da zai yi wa tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya.

To Malama, ga abin da nake so ki gaya min. Shin akwai ƙamshin gaskiya a maganar Inna? Ina tambaya ne saboda wata nas ta ce min maganin da ake ɗiga masa yana iya wahalar da ƙoda, shi kuma ɗaya ce ke yi masa aiki. In haka ne, da me na fi Baba ranar da ya ɗauki Jummai? Sannan in faɗa wa Inna maganar Gwaggo, ko in haɗiye? In kuma Abdulbaqi ya miƙa hannu ya karɓi biro ranar Juma'a, me ya rage min in yi? Ina jin tsoro ƙwarai. A takarda kawai zan iya faɗin haka, a gida ba wanda zai ma yarda.

Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Allah ya saka da alheri.

Yayar Mara Lafiya, Koki, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Wasiƙarki ba irin wadda ake ajiyewa sai ranar fitowar jarida ba ce, shi ya sa na kira ki a waya ranar da ta iso. Abin da na gaya miki shi zan maimaita a nan da ɗan ƙari, saboda gidaje irin naku suna da yawa a cikin birni. Na yi aikin jinya shekaru kafin in yi ritaya, amma ban tsaya a kan abin da na sani kaɗai ba, sai da na tuntuɓi wata likitar masu ciwon ƙoda kafin in rubuta.

Maganar farko a taƙaice: kada a fitar da shi. Ƙarambau a jikin yaro mai lafiya galibi a fata yake tsayawa, garkuwar jiki ta tare shi, ya bushe ya wuce. A jikin wanda aka kwantar wa da garkuwa babu mai tare shi, sai ya bi jini ya shiga huhu da hanta, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Ciwon baya da na ciki da ya fara yi tun kafin ƙuraje, da baƙaƙen ƙurajen, da tarin da ya sa kuka fita da shi, duk alamu ne cewa ciwon ya riga ya shiga ciki tun yana gida, kafin allura ta taɓa shi. Ki riƙe wannan, shi ne amsar tambayarki ta farko.

Maganin da ake ɗiga masa, sunansa acyclovir, ba ya kora ƙurji ko'ina. Hana ƙwayar cutar hayayyafa yake yi. Ba ya goge ɓarnar da aka riga aka yi, shi ya sa sababbin ƙuraje kan ci gaba da fitowa na 'yan kwanaki bayan an fara shi, majinyaci kuma kan ƙara jin jiki kafin sauƙi ya zo. Akwai na haɗiya, amma ba ya wadatar da wanda ciwo ya kai wa huhu, sai na jijiya, mako guda zuwa kwana goma, ko fiye in likita ya ga buƙata, har sai ƙuraje sun daina fitowa sun yi ɓawo. In aka katse a tsakiya ciwon na iya dawowa da ƙarfinsa, a gida kuma babu iskar da za a sa masa a hanci. Ba zan yi miki alkawarin zai tashi ba, wannan na Allah ne, ciwon kuma babba ne. Amma damar da yake da ita a kan gadon nan take.

Nas ɗin ba ƙarya ta yi miki ba. Maganin yana iya wahalar da ƙoda in aka tura shi da sauri, ko jiki ba isasshen ruwa, ko aka ba da fiye da abin da ƙodar za ta iya tacewa. Shi ya sa kike ganin yana ɗiga a hankali, ana haɗa shi da ƙarin ruwa, ana auna fitsari, ana ɗibar jini a kai a kai don a daidaita awon. Haɗari ne da aka sani, ana gadinsa, kuma galibi in ya faru yana gyaruwa. Ki riƙa tambayar likita sakamakon gwajin ƙodar, haƙƙinku ne. Abin da ba wanda ke gadinsa shi ne abin da ke cikin filas ɗin nan. Ba mu san me aka jiƙa ba, ba mu san yadda zai yi da ƙwayoyin dashe ba. Ki gaishe min da Firdausi, ta yi hankali, amma ta wanke wa maƙwabta kayansu ta mayar. Kada a ba shi asfirin ko magungunan ciwon jiki na kemis. Kada a shafa masa ganye ko toka a kan ƙurajen da suka fashe, don ta nan wasu ƙwayoyin cutar suke shiga. Ƙwayoyinsa na dashe kuma likita kaɗai ke ragewa ko ƙarawa, akwai wanda in aka tsayar da shi kwatsam shi ma yana iya kisa.

Yanzu bari mu yi wa Inna adalci. Matar da ta yi jinyar yara masu yawa haka suka tashi lafiya ba jahila ba ce. Yanke farce, wanka, abin sha da yawa, hana yawo, duk daidai ne. Tsoron allurar ma ba haka kawai ta tsince shi ba. Ni na san zamanin masu allurar bayan kasuwa, sirinji ɗaya a yi wa unguwa guda, kuma na ga yaran da suka cutar. Babu wanda zai iya cewa yanzu ga abin da ya kashe Jummai, ko da yake ƙyanda da kanta tana kama ƙirjin yara ta kashe, da allura ko babu. Abin da Inna ta sani na jikin yara ne masu cikakkiyar garkuwa. Ɗanta yanzu ba irin wannan jikin gare shi ba, kuma da alama ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata wannan bayanin da Hausar da za ta shige ta. Ke kuma ba abin da Baba ya yi kika yi ba. Shi wurin mai allura ya je, ke wurin waɗanda suka san ƙodar nan da halinta kika je.

Maganar Gwaggo Asibi ki faɗa wa likita yau, tana da amfani a wurinsa. Inna kuwa kada ki faɗa mata, balle a gaban ƙanenta. Za ki ci gardama ki karya tsohuwa, kuma ba lallai ta janye ba, don wanda aka kunyata ya fi kafewa. Ni ina ma zargin ta riga ki tunowa. Uwa takan manta abubuwa da yawa, amma in ta zauna a barandar asibiti ta yi tunani, da wuya shekarun da ɗanta ba ya ɗakinta su ƙi dawo mata. In haka ne, neman a mayar mata da shi ba taurin kai kaɗai ba ne. So take ta gyara da hannunta, ta hanyar da ta iya.

Don haka a ba hannun nata aiki. In dai ita ta taɓa yin ƙarambau, ki roƙi likita ya bar ta ta riƙa shiga wurinsa. A sa mata kujera a gefen gado, ta dama masa kunun da likita ya amince da shi, ta yi masa addu'a, ta riƙe masa hannun da ba roba. Muddin tana baranda, kallon waɗanda suka ƙwace mata ɗa za ta ci gaba da yi muku. Kawu Isyaku kuma ki daina ɗaukarsa ɗan aike. Ki kai shi wurin likita a nuna masa hoton ƙirjin da idonsa, a yi masa bayani, domin abin da Inna ba za ta ji daga bakin 'yarta ba tana iya ji daga bakin ƙanenta. In akwai malamin da take ganin girmansa a unguwa, ku je da Kawu ku same shi kafin Juma'a. Malamai sun daɗe da bayyana cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma biyayya ga iyaye ba ta kai mutum ya jefa ransa cikin halaka ba.

Abdulbaqi ya fi kowa buƙatar jin wannan, don shi za a miƙa wa biron. In za ki yi masa magana kar ki ambaci ƙodar ko da wasa. Kyauta ce, ta zama tasa. Ki gaya masa abin da likita ya ce zai iya faruwa in ya fita, ba ragi ba ƙari. Sannan ki tambaye shi, in abin ya faru a ɗakin Inna, a kan tabarmarta, bayan ita ta ce a dawo da shi, yaya za ta yi da sauran rayuwarta. Mai biyayya irinsa zai gane cewa zamansa a asibiti ma jin ƙai ne gare ta.

Ga masu karatu kuma: duk gidan da ke da wanda aka yi wa dashe, ko mai shan maganin ciwon daji, ko mai cutar da ke karya garkuwar jiki, ko wanda ya daɗe yana shan magunguna irin su prednisolone, har da masu sayen ƙwayoyin ƙara ƙiba a kemis, to a daina tara yara a ɗaki ɗaya, a kuma nisanta shi da mai ƙarambau har ƙuraje su bushe. Haka mai juna biyu da jariri. In an riga an haɗu, a je asibiti a ranar, kada a jira ƙurji, akwai maganin da ake bayarwa don tarewa ko rage ƙarfin ciwon. In likita ya tambaya ko mutum ya taɓa yi kuma babu tabbas, a ce ba a sani ba, ana iya gwada jini.

Saura Juma'a. Mai yiwuwa ki yi duk wannan Inna ta ƙi sauka, ta furta kalmar. In ta furta, ki durƙusa ki saurara, kada ki mayar da ko harafi ɗaya. Ki ci gaba da shiga gaishe ta kowace safiya ko ba ta amsa ba, ki ci gaba da yi mata hidima ko ta kau da kai. Amma kada ƙafarki ta taka zuwa ɗauko shi. Zai yi miki ciwo sosai, na sani. In Allah ya ba ku rai, kina da lokaci mai tsawo na neman yafiyarta, ga 'yan'uwa da malamai da za su taya ki roƙo. Shi kuwa 'yan kwanakin nan kaɗai gare shi, in suka wuce ba wanda zai roƙo masa su.

Allah ya ba Abdulbaqi lafiya, ya sanyaya zuciyar Inna, ke kuma ya ƙarfafa miki gwiwa.

Malama Binta